Kundin Aikin Farfaɗo da Kwari da Fadamunsa

16 ga Oktoba, 2023

Yau muka kammala zagayen ƙarshe na auna ruwa kafin a taɓa komai a ƙasan kwarin, saboda haka ya dace a buɗe wannan sashe na kundin da bayanin yadda wurin yake. Kwarin dogo ne kuma matsattse, itatuwa sun rufe gangarensa biyu, rafi yana ratsa tsakiyarsa, kuma a bakin rafin akwai fadamu uku da muke kira ta sama, ta tsakiya da ta ƙasa. Yana cikin yankin Turai mai yawan ruwan sama, inda sanyi yake kamawa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ciyawa kuma take girma daga Afrilu zuwa Satumba, don haka da wannan yanayi za a fahimci watannin da ke cikin kundin.

Fadamar tsakiya da ta ƙasa suna kawai ya rage musu. Waɗanda suka riƙe filin a da sun miƙar da rafin, sun zurfafa shi, sun kuma binne bututun yumɓu a ƙarƙashin ƙasa domin ruwa ya riƙa tsiyayewa da sauri, dabarar da ta bazu a Birtaniya tun shekarun 1840, lokacin da aka fara ƙera irin wannan bututu da inji. Ciyawar da za ta ƙosar da dabbobinsu suke nema, kuma sun same ta. Sai dai abin da aka yi a nan an yi shi a wurare da dama, har wani bincike da aka wallafa a 1987 ya nuna cewa Ingila da Wales sun rasa kusan kashi 97 cikin ɗari na filayen ciyawa masu furanni iri-iri tsakanin shekarun 1930 da 1984.

Shekara guda cur muka yi muna aunawa. Mun nutsa bututun roba masu huji-huji guda 12 a cikin ƙasa, kowanne zurfin mita ɗaya, duk bayan mako biyu sai a zura ma'auni a ga inda ruwa ya tsaya. Wasu daga cikinmu sun ƙosa da wannan aiki, suna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan karon ido ya yaudare mu, domin fadamar tsakiya da take cike da taɓo a Janairu, kafin ƙarshen Mayu ruwanta ya riga ya sauka ƙasa da gindin bututun. Fadamar sama ce kaɗai, wadda ba a taɓa binne mata bututu ba, take riƙe ruwa kusa da saiwar ciyawa har cikin Yuni, kuma ita ce ma'aunin da za mu gwada sauran biyun da shi.

20 ga Nuwamba, 2023

Injin haƙa ya yi kwana uku a fadamar tsakiya. Ba mu tone bututun gaba ɗaya ba, domin hakan zai birkice ƙasa fiye da kima. Abin da aka yi shi ne a bi kowane layi daga inda bakinsa ya ɓullo a gaɓar rafi, a haƙa rami a kansa nan da can, a farfasa bututun, a cika gurbin da yumɓu a danne shi sosai. An shimfiɗa katako a ƙarƙashin injin saboda kada nauyinsa ya daddanne ƙasa, amma duk da haka ya bar sawu a wurare biyu, kuma mun bar sawun yadda yake tunda ruwa zai kwanta a ciki.

Mun yi kuskure ɗaya wanda wajibi ne a rubuta shi. Ɗaya daga cikin layukan da muka toshe ba namu ba ne mu kaɗai: yana ɗauko ruwa daga filin maƙwabcinmu da ke kan gangare, ya bi ta ƙarƙashin fadamarmu zuwa rafi. Bayan ruwan sama na kwana biyu sai ruwa ya koma baya ya kwanta a ƙofar filinsa, inda shanunsa suke wucewa. Ya yi magana cikin mutunci, kuma gaskiya na wajensa. Mun sake buɗe layin, muka kafa masa 'yar ƙofar ruwa mai katako da ake iya ƙarawa ko ragewa, ta yadda ruwan zai fito ya bazu a fadamarmu ba tare da ya taru a bayansa ba. Da mun zagaya iyakar tare da shi tun farko, da ya nuna mana layin, domin ya san shi shekara da shekaru.

9 ga Janairu, 2024

Aikin wannan wata a cikin itatuwa yake, kuma dole a gama shi kafin Maris, lokacin da tsuntsaye suke fara sheƙa. Babbar matsalar gangaren arewa ita ce cutar da take kashe itacen ash. Wani naman gwari ne mai suna Hymenoscyphus fraxineus yake haddasa ta, asalinsa daga gabashin Asiya, an fara ganin ɓarnarsa a Poland a farkon shekarun 1990, aka tabbatar da shigarsa Birtaniya a 2012. Yana kwana a jikin karan ganyen da ya zube, idan zafi ya shigo sai ya saki ƙwayoyinsa cikin iska su kama sabon ganye, daga nan cutar ta gangara cikin rassa, itacen ya riƙa bushewa daga sama.

Mun sare waɗanda suka karkata kan hanyar da mutane suke bi, su kaɗai. Sauran mun bar su a tsaye, har da matattun. Ga wanda ya saba ganin daji a share wannan yana kama da sakaci, amma mataccen itacen da ke tsaye gida ne: ƙwari suna cin cikinsa, tsuntsaye masu ƙwanƙwasar itace suna huda shi su ci ƙwarin, jemagu kuma su gaji ramukan. Akwai wani dalili na biyu da ya fi wannan nauyi a wurina. Kaɗan daga cikin itatuwan ash suna jure cutar, kuma wannan juriya tana bin iri, saboda haka duk wanda ya sare su baki ɗaya ya sare har da waɗanda za su haifi dajin gaba. Waɗanda muka gani da cikakken ganye a Agustan bara mun shafa musu fenti, ba mai taɓa su.

A gangaren kudu mun sare wani yanki na itacen hezal daga gindi domin ya sake toho, haske kuma ya kai ƙasa. Mun kewaye yankin da shingen waya mai tsawon mita 1.8, domin in ba haka ba barewa za ta cinye tohon tun yana ɗanye.

2 ga Fabrairu, 2024

Yau ce ranar da aka amince da yarjejeniyar kare dausayi a birnin Ramsar na Iran a 1971, kuma ta zo daidai da ranar da muka gama madatsun itace guda 7 a saman rafin. Da gungumen ash ɗin da muka sare aka yi su. Ana gitta gungumen daga gaɓa zuwa gaɓa, a bar sarari a ƙarƙashinsa, ta yadda ruwan yau da kullum da kifi za su wuce ba tare da cikas ba, amma idan rafi ya cika sai itacen ya tare shi ya tura shi cikin fadama. An gwada irin wannan a saman garin Pickering da ke arewacin Ingila tare da wasu matakai na rage gudun ruwa, kuma garin ya tsira daga ambaliyar Disamban 2015. Namu ƙanana ne. Abin da muke so da su shi ne rafin ya koma fita daga gadonsa sau da dama a lokacin sanyi, kamar yadda yake yi kafin a zurfafa shi.

4 ga Maris, 2024

Kwaɗi sun zo. Mun sami ƙwansu a sawun injin haƙa, a kan ramukan da muka toshe, da kuma wani kwazazzabo da ruwa ya cika a gefen fadamar tsakiya, wuraren da bara a bushe suke ƙayau a irin wannan lokaci. Ƙirga su ba wuya, domin kowane curi na ƙwai mace ɗaya ce ta zuba shi. Abin da za a sa wa ido yanzu shi ne ko ruwan zai daɗe har talibambam su yi ƙafa, wanda ba ya yiwuwa sai kududdufin ya kai farkon lokacin zafi bai ƙafe ba.

Akwai kuma abin da bai yi mana daɗi ba. Gansakuka ta rufe ruwan da ya kwanta a fadamar ƙasa, kore shar, mai kauri. Ruwa ba ya tsami banza: wannan fadama ta sha takin zamani shekaru da yawa, sinadarin fosfet yana nan maƙale da sinadarin ƙarfe a cikin ƙasa, kuma idan ruwa ya rufe ƙasa iska ta daina shiga, ƙarfen yakan saki fosfet ɗin ya narke a ruwa. Wato jiƙa fadamar da muka yi shi ya kwance takin da aka zuba tun kafin zuwanmu. Maganin da muka sani jinkiri gare shi, a yanke ciyawa a kwashe ta daga filin kowace shekara, ana rage takin kaɗan-kaɗan. Mun rage katako ɗaya a ƙofar ruwa domin kada ruwan ya daɗe a kwance a can.

27 ga Mayu, 2024

Mun yi mako guda muna ƙirga tsirrai a cikin murabba'ai masu faɗin mita ɗaya, a gurabe ɗaya da na bara. Fadamar sama tana nan da arzikinta. Ta tsakiya ta fara canzawa, amma ba duka ta fuskar da muke so ba: ciyawar ruwa mai tsini da masana suke kira Juncus ta yaɗu sosai a inda injin ya taka, kuma a ko'ina cikin buɗaɗɗiyar laka ƙananan itatuwan alda sun tsiro kamar an shuka su.

Wannan tsiro na alda shi ya raba kawunanmu, kuma muhawarar ta cancanci a rubuta ta da faɗi, tunda ita ce za ta yanke yadda kwarin zai kasance. Alda itacen bakin ruwa ne, irinsa yana yawo a kan ruwa ya sauka a laka, saiwarsa kuma tana ɗauke da ƙwayoyin halitta da ake kira Frankia waɗanda suke jawo sinadarin naitirojin daga iska, don haka yana girma da sauri ko a ƙasar da ba ta da ƙarfi. Idan aka bar fadamar tsakiya haka, cikin 'yan shekaru za ta zama kurmi. Wasu abokan aiki suna ganin hakan ya dace. Hujjarsu ita ce kurmin da ƙafarsa take cikin ruwa shi ma muhalli ne da ya yi ƙaranci, ba ya buƙatar lauje ko shanu, kuma shi ne abin da ƙasar take nema da kanta, to don me za mu yi ta kokawa da ita kowace shekara?

Hujja ce mai ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Amma ni ina ganin an manta abu ɗaya, wato fadama mai furanni ba ta taɓa tsayuwa da ƙafarta ba. Yanka da kiwo na ɗaruruwan shekaru ne suka hana itace rufe ta, kuma tsirrai da ƙwarin da suke cikinta sun dogara da wannan hasken. Kurmi muna da shi a gangare biyu, kuma alda zai iya kafa sabo a kowane lokaci muka ba shi dama, cikin ƙanƙanen lokaci. Fadamar sama kuwa, in ta rufe, ba mu da inda za mu samo irinta a cikin kwarin, kuma ita kaɗai ta yi ƙanƙanta ta riƙe abin da ke cikinta. Akwai wani malam-buɗe-littafi mai suna Euphydryas aurinia wanda tsutsarsa kusan ganye ɗaya take ci, na tsiron Succisa pratensis mai shuɗin fure, kuma yawansa yakan hau ya faɗi daga shekara zuwa shekara, saboda haka ba ya ɗorewa sai inda filaye da yawa suke kusa da juna, wanda ya mutu a nan a cike gurbinsa daga can. Tsiron yana nan a fadamar sama. Malam-buɗe-littafin ba mu gan shi ba tukuna.

Mun tsaya a kan rabawa. Kusurwar fadamar ƙasa da ta fi kowace jiƙa, wadda tarakta ba za ta iya shiga ba ko da mun so, an bar wa alda. Sauran za a riƙa yankewa. Mun kafa turaku a kan iyakar domin kada shekara mai zuwa a sake muhawara a kan inda layin yake.

24 ga Yuni, 2024

Kwana huɗu muna tuge balsam na Himalaya a bakin rafi. An kawo shi Birtaniya a 1839 a matsayin furen lambu, ya tsallake shinge ya bi koguna. Shekara ɗaya yake yi, amma tsawonsa yakan wuce mita 2, tushe ɗaya yana iya ba da iri har 800, kuma kwanson yana fashewa ya watsa irin har nisan mita 7. Yana shanye hasken duk abin da ke ƙarƙashinsa, idan sanyi ya kashe shi sai ya bar gaɓa tsirara ruwa ya zaizaye ta. Sauƙinsa ɗaya, saiwarsa ba ta da zurfi, da hannu ake tuge shi, kuma irinsa ba ya wuce kimanin shekara biyu a cikin ƙasa. Daga saman rafi muka faro muka gangaro, tunda ruwa ne yake kawo irin. Madatsunmu sun ƙara mana aiki a nan, domin ambaliyar da suka tura cikin fadama ta kai irin inda bai taɓa zuwa ba.

Yawancin kududdufan kwaɗin sun riƙe ruwa har ƙananan kwaɗi suka fito. Biyu sun ƙafe da wuri.

29 ga Yuli, 2024

An yanke fadamar tsakiya da ta ƙasa, aka busar da ciyawar ta zama ingirici, aka kwashe ta. Sai aka kankare fuskar fadamar tsakiya har kusan rabinta ya zama ƙasa a buɗe, domin iri ba ya kamawa a cikin cunkoson ciyawa. Washegari da sassafe muka yanke kashi ɗaya cikin uku na fadamar sama, muka ɗebi ciyawar ɗanya da irin da ke jikinta muka baza a kan wurin da aka kankare kafin rana ta take. Gaggawar tana da dalili: ɗanyar ciyawa idan aka tara ta takan ɗau zafi cikin 'yan sa'o'i ta kashe irin. Ba mu taɓa gefen da Succisa ya fi yawa ba, domin shi sai ƙarshen lokacin zafi yake fure, kuma za mu tsinci irinsa da hannu idan ya nuna.

A cikin ciyawar da muka baza akwai Rhinanthus minor, wani ɗan tsiro mai rawayan fure wanda busasshen kwansonsa yake kaɗawa kamar caki. Saiwarsa tana manne wa saiwar ciyawa ta tsotsi abincinta, ciyawar ta raunana, furanni su sami sarari. Irinsa ba ya tsirowa sai ya sha sanyi, kuma ba ya son doguwar ambaliya, don haka a tudun fadamar kaɗai muke sa ran ganinsa.

9 ga Satumba, 2024

Shanu 6 na maƙwabcin nan namu sun shiga fadamun domin su ci tohon bayan yanka. Shanu muka zaɓa saboda suna naɗe ciyawa da harshe su bar ta wani wuri doguwa wani wuri gajeriya, kofatonsu kuma yana danna iri cikin ƙasa. Tumaki suna aske fili ƙasa-ƙasa, suna kuma tsince ganyen Succisa tun kafin komai.

Mai shanun ya kawo damuwar da ba mu yi tunaninta sosai ba, wato tsutsar hanta. Tana bi ta jikin wata 'yar ƙaramar katantanwa da take zama a taɓo, kuma mu da hannunmu muka ƙara taɓon. Mun killace wuraren da suka fi dausayi da wayar lantarki, muka kawo kwamin shan ruwa a kan tudu, likitan dabbobi kuma zai duba kashinsu kafin a ba da magani. Mun roƙe shi kada a yi musu maganin tsutsar ciki irin na ivermectin gab da shigowarsu, domin ragowarsa tana fita a cikin kashi ta kashe tsutsar buzuzu da ƙudaje, waɗanda jemagu da tsuntsaye suke ci. Ya amince, da sharaɗin cewa idan lafiyar shanun ta taɓu zai fitar da su ba tare da jiran shawararmu ba, kuma sharaɗi ne da ya dace.

Mun bi gindin Succisa ɗaya bayan ɗaya muna neman saƙar da tsutsar malam-buɗe-littafin take yi a wannan lokaci. Ba mu sami ko ɗaya ba.

21 ga Oktoba, 2024

An fitar da shanun jiya, ƙasa ta fara laushi kuma kofato ya fara yin rami. Mun kwatanta awon ruwan bana da na bara. A fadamar tsakiya ruwa bai sauka ƙasa da gindin bututun ba sai cikin Yuli, kuma ya dawo da wuri. Shekara ɗaya ba ta isa hujja ba, domin yawan ruwan sama ma yana iya kawo wannan bambanci, shi ya sa fadamar sama da ba mu yi aikin bututu a cikinta ba take da amfani wajen kwatanci: ita canjinta kaɗan ne, na tsakiya kuwa mai yawa. Juncus ya ragu a inda aka yanka aka kuma yi kiwo, amma yana nan daram a cikin wuraren da muka killace saboda tsutsar hanta, kuma waɗannan sai an bi su da lauje.

An sake tayar da maganar biba, dabbar nan mai datse rafi da itace, wadda farauta ta rage ta zuwa kimanin 1,200 a Turai da Asiya a farkon ƙarni na 20 kafin a fara mayar da ita kogunanta. A kogin Otter da ke yankin Devon na Ingila an yi gwajin zaman bibobi na shekara biyar daga 2015, a 2020 gwamnati ta yarda su zauna, kuma tun Oktoban 2022 doka take kare su a Ingila. Aikin da muka yi da gungume da inji ita za ta yi shi kyauta, ta kuma riƙa gyara shi kowane dare. Sai dai ba ta san turakun da muka kafa ba, kuma madatsa ɗaya a ƙasan fadamar sama za ta iya nutsar da ita gaba ɗaya. Mun ajiye maganar har sai fadamar tsakiya ta kafu ta yadda irin kwarin ba zai kasance a wuri ɗaya tak ba.

A makon gobe za a gyara madatsa ta uku wadda ruwa ya ci gefenta, a shuka irin Succisa da muka tsinta a tudun fadamar tsakiya, a kuma mayar da katakon da aka cire daga ƙofar ruwa bayan mun zagaya iyakar tare da maƙwabcinmu.